Makarantar Haziƙai: Wa Za A Nema, Kuma A Ina Za A Neme Shi?

 

Sharhinmu na yau a kan makarantun haziƙan yara ne. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta kama mulki a 2023, ta ɗauki aikin kafa makarantun sakandare na musamman guda uku, ɗaya a kowace shiyyar sanata: Raɗɗa a shiyyar Katsina, Dumurkul a shiyyar Daura, sai Jiƙamshi ta ƙaramar hukumar Musawa, wadda ita ce rabonmu mu mutanen shiyyar Funtuwa. An ce don yara masu hazaƙa za a yi su, kuma ɗan talaka ne a gaba. Madalla. Amma in ka zauna majalisa ka ji ana hirar, yawanci a kan gini ake tsayawa: tsayin katanga, yawan kwamfuta, kyawun ɗakunan kwana. Ni tambayoyina biyu ne. Me ake so makarantar ta yi? Kuma wane yaro ne zai kwana a wannan ɗakin?

Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan makaranta a matsayin tukuici. Yaro ya yi na ɗaya, a saka masa da makaranta mai kyau. Wannan fahimta ita ce tushen ɓarnar da ke biyo baya. Yaro mai baiwa mabuƙaci ne, kamar yadda yaron da karatu ke yi wa wuya yake mabuƙaci. Duk malamin firamare da ya daɗe yana riƙe da alli ya san shi. Kafin ka gama rubuta lissafi a allo ya ba da amsa. Ka maimaita darasi sau uku don sauran, shi tun na farko ya wuce wurin. To me zai yi da ragowar lokacin? Sai tsokana, sai surutu, sai tambayoyin da ke ƙure malami. A ce masa mai rawar kai, a ce ya cika iyayi, wani lokaci har bulala ta hau. A aji mai cunkoso, inda malami ɗaya ke fama da yara fiye da yadda ido zai iya ƙirgawa, ba wanda ke da sukunin tsayawa a kansa. In aka yi rashin sa'a, kafin ya gama aji shida makaranta ta gundure shi, ya koma kasuwa ko tasha.

Kuma ku lura, kaifin ƙwaƙwalwa ba ya bushewa don an ƙi kula da shi. Aiki yake nema, kuma duk wanda ya riga kai hannu shi zai more shi. Mu da muke zaune a bakin daji mun san cewa wanda ke tsara wa 'yan bindiga hanya, ya riƙe lissafin kuɗi da ka, ya san wayar da zai kira da wadda zai kashe, ba daƙiƙi ba ne. Basira ce da makaranta ba ta riga kowa isa gare ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu ɗauki maganar da muhimmanci.

Akwai masu cewa, kuma ba shirme suke yi ba: ta yaya za a zuba maƙudan kuɗi a kan yara 'yan ƙalilan alhali dubbai na zaune a ƙasa, wasu azuzuwan ma ba rufi? Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da ɗaga murya ba. Amsar da nake da ita ita ce ta manomi. In an yi girbin masara, manomi yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya rataye ta daban, ba ya bari a kai ta niƙa. Ba don ya fi son ta ba, sai don ita ce irin baɗi, kuma gonar ce gaba ɗaya za ta ci amfaninta. In makarantar haziƙai za ta fitar da likitan da zai zauna a asibitin Faskari, da malamar lissafin da za ta koma Sabuwa, da injiniyan da zai san yadda za a sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara a nan gida maimakon a loda ta a tirela a yi kudu da ita, to kuɗin sun halatta. In kuwa za ta zama wurin da 'ya'yan manya za su samu karatun tsada kyauta, su gama su wuce Abuja, to an karɓi harajin talaka an biya wa mai kuɗi kuɗin makaranta. Tsakanin waɗannan biyun babu matsakaici.

Ba yau aka fara wannan tunani ba a ƙasar Katsina. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 yara kaɗan take ɗauka daga lardunan Arewa don ta horar da malamai. A cikinta Ahmadu Bello ya yi karatu, haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa. Makaranta ɗaya ta riƙe Arewa shekaru da dama. Amma ƙofarta ƙarama ce, kuma wanda ke kusa da fada ya fi saurin ganin ta.

Misalin da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne na Kano. A 1977 jihar ta duba ta ga ba ta da isassun 'ya'yanta a fannin likitanci da injiniyanci, sai ta kafa hukuma ta musamman da makarantun kimiyya biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana shiga ta jarrabawar tacewa. Yau ka shiga manyan asibitocin Kano ko sassan kimiyya na jami'o'i, da wuya ka rasa tsohon ɗalibin Dawaki. Abin da ya sa ta yi nasara shi ne an san abin da ake nema tun kafin a aza tubali. Gwamnatin tarayya ta biyo baya: a 1986, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, aka tsara manufar ilimin yara masu baiwa, a 1990 aka buɗe makarantar haziƙai ta Suleja, wadda har yanzu hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ma ta yi tata a Bamaina zamanin Sule Lamiɗo. Sai dai in tambaye ku, iyayena na Damari da Dugun Mu'azu da 'Yankara: cikinku mutum nawa ne suka taɓa jin ranar da ake sayar da fom ɗin Suleja? Makaranta ce ta ƙasa baki ɗaya, amma labarinta ba ya wuce inda kwalta ta ƙare.

Mu ma a nan muna da namu. Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara makarantar kwana ce da aka kafa don a tara yaran da ake sa ran za su yi nisa a kimiyya. Kowa ya san abin da ya same ta. Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shigo kan babura suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Allah ya kiyaye rayukansu, amma abin da aka rasa a wannan mako bai dawo tare da su ba. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar, iyaye da yawa kuma suka rufe zukatansu ga makarantar kwana, wasu har yau.

Don haka duk mai son kafa makarantar haziƙai a wannan shiyya, ƙa'idarsa ta farko ba ta cikin littafin koyarwa. Tsaro ce. Ka tara yaran da suka fi kowa kai daga ƙananan hukumomi 11 a cikin katanga ɗaya, ka san ka tara abin da ɓarayin daji ke kwaɗayi. Uwar da ke 'Yargoje ko Ruwan Godiya ba za ta tambaye ka yawan kwamfuta ba. Za ta ce, wa ke gadi da dare? In an ji harbi, minti nawa kafin jami'ai su iso? Ran hutu, wa zai rako min shi gida, ta wace hanya? Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, kuma hannun da aka sa bai hana abin da ya faru a Ƙanƙara ba. Wannan uwa tana da haƙƙin a zauna da ita a ba ta amsa dalla-dalla, a gaban mai unguwa da liman. In ba a yi ba, za ta hana ɗanta, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai gurbinsa ya tafi ga ɗan cikin gari, a rubuta a rahoto cewa mutanen ƙauye ba sa son boko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: yadda ake zaɓe.

A ɗauki yara biyu, dukansu sun shiga aji ɗaya a 2020. Na farko a cikin garin Funtuwa, makarantar kuɗi, malamai cikakku, da yamma ga mai koyarwa a gida. Na biyu a wani ƙauye na Sabuwa, can wajen iyakar Birnin Gwari. Shekarar farko cutar korona ta rufe makarantu. Bayan ta, malamin da aka turo ya daina zuwa saboda hanya, kuma wa zai zarge shi? A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai a Disamba aka maido. Wata damina gidansu suka kwashe suka yi gudun hijira, ya yi wata da watanni bai ga allo ba. To ka zaunar da waɗannan yara biyu a ɗaki ɗaya, ka ba su takarda ɗaya da Turanci, ka ce wanda ya fi maki shi ne haziƙi. Me ka auna? Ka auna wanda aka koya wa. Yaron Sabuwa zai iya fin na Funtuwa kaifin basira nesa ba kusa ba, amma ba zai amsa tambayar da bai iya karantawa ba. Jarrabawa iri ɗaya ga yaran da rayuwa ba ta yi musu iri ɗaya ba, kamar adalci take a ido, amma ba adalci ba ce.

Ko waɗanda suka ƙirƙiro awon basira sun sha tuntuɓe a nan. A 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman na jami'ar Stanford, ya tace yara wajen 1,500 da ya ce su ne suka fi kowa ƙwaƙwalwa a jihar Kalifoniya, aka bi rayuwarsu har tsufa. Malamai ne suka fara miƙa sunaye, kuma akasarin waɗanda aka zaɓa 'ya'yan masu hali ne na birni. Cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Shockley ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1956, Alvarez a 1968. Cikin waɗanda aka zaɓa kuwa ba wanda ya ci ta. Ba ina cewa a yar da jarrabawa ba ne. Ina cewa wanda ya ɗauki sakamakon yini ɗaya ya yanke wa yaro ɗan shekara 11 hukuncin rayuwa, ya ɗora wa takarda nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Akwai darasi na biyu daga can. A gundumar Broward ta jihar Fulorida, da can sai malami ko iyaye sun miƙa sunan yaro kafin a gwada shi. A 2005 suka canza: kowane yaro ɗan aji biyu a gwada shi, da gwajin zane da siffofi wanda bai dogara da iya Turanci ba. Masana biyu, David Card da Laura Giuliano, suka bi diddigi suka ga yawan 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da aka gano suna da baiwa ya yi tsalle sosai. Yaran suna nan tun da, ba a dai duba su ba ne. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka dakatar da gwajin kowa da kowa, sai adadin ya koma gidan jiya.

Indiya kuwa, wadda matsalar ƙauyukanta ta yi kama da tamu, tun 1986 ta fara makarantun kwana na kyauta da ake kira Navodaya, da nufin kowace gunduma ta samu ɗaya. Doka ce a can: aƙalla kashi 75 cikin 100 na gurabe na yaran karkara ne, kashi ɗaya cikin uku na 'yan mata, kuma ana rubuta jarrabawar shiga da harsunan yankuna. Ba su jira ɗan ƙauye ya zo ya yi gogayya da ɗan birni ba, sun killace masa wurinsa.

Me wannan ke nufi gare mu? Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Raba gurabe bisa mazaɓu mataki ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ko a cikin mazaɓa ɗaya akwai na bakin titi akwai na lungu, kuma mun san yadda takardar shaidar zama ɗan gari ke samuwa ga yaron da bai taɓa kwana a garin ba. Abin da nake gani shi ne a daina jiran yaro ya zo, a je a same shi. Kowane ɗan aji biyar ko shida a makarantun gwamnati a gwada shi, kyauta, ba fom, ba kuɗin hoto. Matakin farko ya zama da Hausa, da siffofi, da lissafin ka, abin da ke nuna yadda yaro ke tunani. Sannan a gwada shi da tsaransa na makarantarsu. Yarinyar da ta yi wa 'yan ajinsu fintinkau a makarantar da malami biyu ke riƙe da ita ta nuna abin da ya fi makin ɗan birni daraja, ko da makinta bai kai nasa ba. Inda makaranta ta tashi saboda rashin tsaro, a bi yaran inda suka sauka, a cikin garin Ƙanƙara, a Faskari, a Ɗandume, a Funtuwa.

Kuma kada a tsaya a makarantar boko. Alarammomi sun riga mu sanin yaro mai baiwa. A tsangaya ba a cewa kowa sai ya jira kowa: wanda ya haddace allonsa ya wanke, a yi masa ƙari ya wuce. Wannan tsarin da masana ilimi na zamani ke yabawa, na barin yaro ya tafi da saurin kansa, a gidanmu yake tun kaka da kakanni. Yaron da ya haddace izu sittin kafin ya balaga, wa zai ce ba shi da kai? Haka 'ya'yan makiyaya. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba a halin da ake ciki, amma yaron rugar da ya san kowace saniya cikin garke da kamanninta da tarihin uwarta, ɗan jihar nan ne, kuma barinsa babu makaranta yana cikin abin da ya kawo mu inda muke. 'Yan mata kuma a ware musu gurabensu a rubuce, kada a bar shi ga sa'a, don in gida ya shiga matsi su ake fara cirewa.

Sai babbar cuta: alfarma. Ranar da ɗan takarda daga wani babba ya shigar da yaro ɗaya, ranar makarantar ta fara mutuwa, ko da fentinta bai bushe ba. Maganinta a bayyane yake. A liƙa sunayen waɗanda suka ci a ƙofar kowace firamare da sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan makarantar da yaro ya fito da unguwarsu, a karanta su a rediyo. Mutanen gari sun san 'ya'yansu. In aka ce wane ɗan Maigora ne alhali ba wanda ya taɓa ganin sa a Maigora, kafin la'asar magana ta fito.

To an zaɓo su, sai me? Nan ma akan yi kuskure. Wasu suna ganin ilimin haziƙai shi ne a ninka musu aikin gida, a hana su barci, a cusa musu tambayoyin WAEC na shekarun baya har su haddace. Wannan gajiyarwa ce. Yaro mai baiwa tambaya mai wuya yake so, wadda amsarta ba ta bayan littafi, da malamin da ba ya jin haushi in ɗalibi ya gano abin da shi bai gano ba. Irin wannan malami tsada gare shi, kuma ba ya zama inda ba a biyan sa a kan kari, ba gida, ba kwanciyar hankali. In da za a ba ni zaɓi tsakanin allon zamani mai lantarki da ƙwararriyar malamar lissafi, ba zan yi dogon tunani ba.

Yaron da aka ɗauko daga makarantar da ta sha rufewa kuma, dole a ba shi lokacin cike giɓi: zango ɗaya ko biyu na Turanci da karatu da rubutu, kafin a fara auna shi da sauran. In ba haka ba, an ɗauko shi ne don a kunyata shi, ya koma gida yana ganin shi ne bai iya ba.

Ina kuma so a koya musu cewa lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammadu bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimin lissafi, wato jadawalin lambobin da duk ta inda ka tara su, tsaye ko kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741. Yaron da ya san wannan ba zai shiga aji da sunkuyayyen kai ba. Ayyukan da za a ba su ma su fito daga ƙasar da suka taka: me ya sa audugar da ta yi wa Daudawa suna ta ja baya, wane irin masara ne ke jure tsutsa, yaya za a tace ruwan dam ɗin Mairuwa ya zama na sha.

Wani masanin Amurka, Joseph Renzulli, ya ce a 1978 baiwa tana fitowa ne inda abu uku suka haɗu: basira, ƙirƙira, da naci a kan aiki. Ni zan ƙara tarbiyya. Ka ce wa yaro ɗan shekara 12 ya fi kowa, ka ware shi, ka ba shi abincin da babu a gidansu, in ba ka yi hattara ba za ka yaye mai girman kai wanda ke jin kunyar zaman tabarmar ubansa. Lokacin hutu a tura su firamaren da suka fito su koyar da ƙannensu. A riƙa tuna musu cewa kuɗin manomi da mai sayar da ƙuli aka tara aka ciyar da su.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗi. Makaranta uku, komai girmansu, kaɗan kawai za su ɗauka daga cikin haziƙan jihar nan. Mafi yawansu a makarantun jeka-ka-dawo za su zauna. Su fa? Abin da za a yi musu bai da tsada. Hedimasta ya samu izinin tsallakar da yaro aji in ya cancanta, kamar yadda ake yi a da. A buɗe ajin Asabar a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. A dawo da gasar lissafi da kacici-kacici tsakanin makarantu. A bar ƙofa ta biyu a ƙarshen ƙaramar sakandare, don wani yaron sai ya ɗan tasa kansa ke buɗewa. Makarantun kimiyyar da muke da su tun da, irin ta Ƙanƙara, kada a bar su su lalace don an samu sababbi.

Bayan kammalawa ma da sauran aiki. Ɗan talakan da aka kai har aji shida na sakandare aka sake shi ba kuɗin jami'a, an yi rabin aiki ne, kuma rabin aikin nan ya fi ciwo. Tun ran gini ran zane: tun yanzu a ɗaure tallafin karatunsu da doka, har Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma ko Ahmadu Bello ta Zariya, da sharaɗin in sun gama su yi wa jihar aiki na wasu shekaru, a yankunan da suka fito. Ita kanta makarantar Majalisar Dokoki ta kafa ta da doka da kasonta na kuɗi, domin gwamna yakan tafi, kuma mun sha ganin magaji ya juya wa aikin wanda ya gada baya. Kowace shekara a fito a gaya wa jama'a: yara nawa aka ɗauka daga Sabuwa, nawa daga Faskari, nawa daga Ƙanƙara, nawa mata, nawa 'ya'yan manoma, nawa suka kammala.

Kirana na ƙarshe gare ku ne. Malam hedimasta, ka san yaron nan da ke damun ka da tambaya, rubuta sunansa ka kai wa sakataren ilimi, kada ka jira a tambaye ka. Alaramma, in kana da almajirin da ka ga Allah ya buɗa masa, ka yi magana da mahaifinsa. Iyaye mata, kada a cire yarinyar nan daga aji don talla. Ranka ya daɗe hakimi, da dagatai da masu unguwanni, in an zo ɗaukar ɗalibai ku nemi a nuna muku sunaye, ku tabbatar 'ya'yan ƙasarku ne na gaskiya. 'Yan majalisarmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma, ku tambayi ma'aikatar ilimi adadin guraben da suka zo mazaɓunku a Jiƙamshi, ku dawo ku faɗa mana.